Ranar da Genbao Ya Mayar da Tabarau

Yayana Miao Genbao, in ka tambaye shi aikin da yake yi yanzu, sai ya laluba aljihu ya miƙo maka kati ya ce ka karanta da kanka, don shi har yau bai gane ba. Ni ce ƙanwarsa, Fengying. Shekara ashirin da biyu ina sayar da taliya a shagon da ke kallon ƙofar masana'antar Pang Xigen, a bakin garinmu Zhangjiagang, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, ta tagata na gani.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai babanmu ya kai shi koyon aikin ƙarfe wajen wani tsoho mai zafin hannu. A can ya haɗu da Xigen, wanda Yaya ya girma da shekara biyu. Kwano ɗaya suka ci, bargo ɗaya suka rufa, mari ɗaya suka sha. Da garin nan ya haukace da ƙera injinan ɗura lemo, Xigen mai baki ya kafa rumfa, Yaya mai hannu ya bi shi. Irin injin nan ne da kwalba ke shiga fanko ta wannan gefe, ya wanke ta, ya cika ta, ya murɗa mata murfi, ta fito ta wancan gefe ba tare da hannun kowa ya taɓa ta ba. Shekara talatin Yaya yana haɗa bakunan ɗurin. In inji na tafiya ya tsaya ya karkata kunne, sai ya ce maka baki na goma sha huɗu ne ke zubarwa, a duba kuwa a tarar haka ne. Rumfa ta zama masana'anta, Xigen ya zama mai gida mai baƙar mota, Yaya kuma yana nan da kekensa. Ni abin ya daɗe yana ci mini rai. Shi ko a jikinsa.

Bayan rasuwar matarsa hannunsa na dama ya fara rawa, noti ma ya gagare shi ɗaurewa. A nan kam dole in faɗi gaskiya ko da ba na son mutumin: Xigen bai kore shi ba. Ya ba shi gadin ƙofa da ɗan ɗakin da ke jikinta, da gado da butar shayi. Kullum da safe motar Xigen za ta tsaya, gilashi ya sauka.

"Kai tsohon banza, ba ka mutu ba?"

"Ina jira in ga taka tukuna, mai ƙaton ciki."

Shi ke nan, an gaisa. Shekara tara suna haka, kuma in ka ga fuskar Yaya bayan motar ta wuce sai ka rantse kyauta aka ba shi.

To, ban da buɗewa da rufewa, akwai wani aiki a ƙofar nan. A garinmu dillalai sun fi maƙera yawa. Duk wanda ya mallaki tebur da kwamfuta sai ya rubuta wa duniya cewa yana da masana'anta. In mai saye ya taso daga ƙasarsu zai zo ya gani da idonsa, sai dillali ya ruga wajen irin su Xigen ya ari ƙofa. Haka muke ce wa abin, aron ƙofa. Da sassafe a sauke allon suna a ɗaura na dillali, ma'aikata su sa riguna masu tambarinsa, Xigen kansa ya koma "babban injiniyanmu", baƙo ya zo ya zagaya ya ɗauki hoto ya tafi. Yaya ne mai hawa tsani. Alluna goma sha ɗaya ke jingine a bayan ɗakinsa, kuma da yake bai iya karanta rubutun baƙi ba, da launi ya san su. Na taɓa ce masa, "Yaya, wannan ba yaudara ba ce kuwa?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Yaudarar me? Injin ai na gaske ne."

Wata Litinin cikin damina aka ɗaura shuɗin allo. Baƙon da ya zo wani dogo ne mai furfura a gefen kai, ɗan Samarkand, sunansa Davron, wai yana da gonakin rumman yana so ya riƙa ɗura ruwansu a kwalba. Ya sunkuya a tagar Yaya ya sa hannu a littafin baƙi, ya ajiye tabarau ɗinsa a kan tebur don ya share ruwa daga fuskarsa, dillali ya ja shi ciki, daga can kuma aka fita da shi ta ƙofar baya zuwa cin abinci. Sai da yamma Yaya ya ga tabarau. Ya naɗe shi cikin tsumma mai tsabta ya sa a aljihun tebur, ya tsallako wajena yana ta damuwa.

"Mutum a ƙasar da ba tasu ba, kuma ba ido. Ta yaya zai karanta lambar ɗakinsa?"

Na ce, "Ka ba dillalin mana."

"Na kira shi, ya ce in bari sai ya shigo."

Talata aka ɗaura jan allo, na wani dillali dabam. Ina tsaye ina tsame taliya na ga mota ta tsaya, sai ga dogon nan ya fito. Na ce tabɗi! Ashe bawan Allah kamfani uku ya rubuta wa tun yana gida, don ya gwada ya ga wanda ya fi, ya ba kowanne rana guda, su ukun kuma ƙofar Xigen suka ara ba wanda ya san da wani. Xigen ya hango shi daga bene ya ɓuya a banɗaki, aka tura Yaya bayan sito ya zauna, aka shigar da baƙo ta wata ƙofar. Kada ka ce wawa ne. A unguwar nan kowace masana'anta farin bango ce da shuɗin rufi, kowane inji fari ne ƙal, ga mutum ya kwana biyu a hanya, ga shi ba tabarau. Ya zagaya yana ƙanƙance ido yana gyaɗa kai, ya tafi.

Laraba aka ɗaura koren allo. Wannan karon ba halin a bar ƙofa ba maigadi, sai Xigen da kansa ya sauko ya kafa wa Yaya doka.

"Ka ji ni da kyau. Ga hula, ga wata riga. Ka ja hular har hanci. Kada ka ce uffan. In ya ce ya taɓa ganinka, ƙanenka ne yake gadi a can, kun yi kama."

"Ai ba ni da ƙane."

"Yau kana da shi, har biyu!"

Yaya bai ce uffan ba, wannan kam na shaida. Baƙo ya zo taga, aka tura masa littafi, ya sunkuya yana lalube da bakin biro, ya kai fuskarsa har tana neman taɓa takarda, ya rasa layin da zai sa hannu. Yaya ya kalle shi, ya sake kallonsa. Sai kawai na ga hannun nan mai rawa ya ja aljihun tebur, ya warware tsumma, ya miƙa da hannu biyu.

Mutumin ya karɓa yana murna, ya maƙala, ya duƙa zai rubuta. Sai ya tsaya. Layi shida a sama da inda zai sa hannu, ga sa hannunsa na ranar Litinin. Ya ɗago ya dubi Yaya. Ya ja da baya har tsakiyar titi ya dubi koren allo, ya dubi bene, ya juyo ya dubi shagona, ni kuma ina tsaye da ludayi kamar an dasa ni. Dillalin yana ta zuba. Baƙon bai ɗaga murya ba. Ya ɗan rusuna wa Yaya, ya taka da ƙafarsa zuwa babban titi ya tare tasi.

Kafin rana ta take, dillalan uku sun ji labari, kafin yamma sauran takwas ma sun ji, kowa ya aiko a ɗauke masa allonsa. Xigen ya sauko fuskarsa ja wur. Ina jin muryarsa daga shago.

"Shekara arba'in! Shekara arba'in ina ɗauke da kai, yau ka tsirara ni a bakin ƙofata!"

"Me na yi? Kayansa ne. Ka ce kada in yi magana, na yi?"

"Kwashe tsummokaranka!"

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Da la'asar Yaya ya tsallako titi da katifa a ka, buta a hannu, na ba shi ɗakin da ke saman shago. Yana ajiye kaya ya ce mini, "Kada ki wahalar da kanki da gyara, kwana biyu ne. Xigen zai huce." Wannan magana ita ce ta zama abincinsa. Ba kuɗi yake nema ba, ba haƙuri yake so a ba shi ba. Ƙofar nan kawai yake so, da gilashin nan ya sauka da safe.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga dogon nan ya shigo shagona, tabarau a hanci. Yaya na ganinsa ya miƙe zai gudu kicin, yana cewa, "Shi ke nan, gilashin ya fashe a hannuna, ya zo a biya shi." Baƙon ya tare hanya, ya yi magana a wayarsa, ya juyo mana da ita. Muryar wata mace ta fito ta ce, "Kakan nan ya ba ni idanuna. Ina so in saye shi."

Na ce, "Ka sayi wa? Uwarka!" Na ɗauki ludayi. Wayar kuma, 'yar baƙin ciki, ta fassara masa har wannan.

Da na ga abin zai zama dambe sai na kira 'yata Yiran. Ita ce ta karanci Rashanci, yaren da baƙon ke ji, shekara biyar tana rubuta wa wani dillali wasiƙu tana dawowa gida da ciwon kai. Ta zo a kan babur ɗinta mai caji, suka zauna, na ajiye masa kwanon taliya, ya nuna naman aladen da ke ciki ya girgiza kai, na dafa masa ƙwai. Suka yi ta magana, mu muna bin bakinsu da ido. Can ta juyo.

"Kawu, ba saye yake nufi ba, haya. Cewa yake kamfani uku ya biyo, a cikinsu kai kaɗai ka gaya masa gaskiya."

"Ni? Ban ce masa komai ba! Ki gaya masa ban ce komai ba. Ki sa ya je ya gaya wa Xigen ban ce komai ba."

"Tambaya ɗaya yake yi. Injin ruwan rumman, wa ke ƙera shi da hannunsa?"

Yaya ya ce shi ba zai yi maganar mai gidansa ba. Ya naɗe hannu ya juya kai. Amma tsohon maƙeri ne, tambayar inji a wajensa susa ce a inda ke ƙaiƙayi. Bai yi minti biyu ba ya ce, yana kallon bango, "Ruwan 'ya'yan itace ai da zafi ake ɗura shi, in ba haka ba ya yi tsami a kwalba. Xigen injin lemo mai gas yake yi. Na zafi, ko shi in an ba shi aiki, wajen matar marigayi Sheng yake kaiwa, can bayan gadar Arewa. Motarta ce mai tsagaggen madubi, takan shigo da shi ranar Alhamis a liƙa masa tambari."

Yiran ta buɗe baki tana kallonsa. "Kawu, shekara biyar ina sayar da injin nan ban san wannan ba. Na wa kuma ka sani?"

"Na kowa mana. Duk ta ƙofa suke wucewa."

A ranar suka je wajen matar Sheng, rumfa ce da ko allo ba ta da shi. Davron ya kwana tara yana komawa, ya aiko aka kawo masa kwalabensa daga gida aka gwada a gabansa, sannan ya saya. Wata huɗu bayan ya koma, surukinsa ya kira Yiran yana neman injin ruwan sha. Bayan surukin sai wani abokinsa mai yin madara. Yiran ta ajiye aikin wasiƙu, ta yi rajistar kamfani, ta sa tebur biyu a rabin ɗakin da Yaya ke kwana, ta ce daga yau ba mai ƙera inji suke wa aiki ba, mai saye suke wa. Su nemo masa wanda ke yin abin da hannunsa, su tsaya a kan gwaji, su ga an loda a kwantena. Na ce, "Ke, a garin nan za ki ci abinci da tona asirin mutane?" Ta ce, "Mama, ba asirin kowa muke tonawa ba, ƙofa kawai muke nunawa." Ban gane bambancin ba, amma na ƙyale ta don ta riga ta sayi teburan.

Ta buga wa Yaya kati, wai Babban Manajan Binciken Masana'antu, ta saya masa kwat. Ranar farko da ya sa, ya sauko yana tafiya hannuwa a bubbuɗe.

"Fengying, wai me zan riƙa yi?"

"Abin da kake yi."

"Ba na yin komai!"

Shi a ganinsa da gaske ba ya yin komai. In sun je masana'anta, Yiran da baƙo su shiga ofis a ba su shayi, shi kuwa ya maƙale a ɗakin gadi, ya miƙa wa maigadi taba, su yi hirar ciwon gwiwa da tsadar kifi. Ya ɗaga kai ya dubi allo: in kusoshin sababbi ne kuma ramukan bango sun fi huɗu, ya gani. Ya leƙa inda ake zubar da shara ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Ya tambayi mai dafa abinci mutum nawa take dafa wa. In sun koma mota Yiran ta ce, "Kawu, yaya?" sai ya ce, "Mutanen kirki ne. Amma mutum tara ba sa ƙera injin da suka nuna muku." Ko ya ce, "Nan kam ana aiki, ƙasan duk mai ne." Ita ta juya wannan zuwa shafi shida na Rashanci. Wata rana ya ce mata shi fa yana jin kunyar karɓar albashi a kan shan taba da masu gadi.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu dillalai suka daina cin taliyata, oho, su suka sani. Wasu masu gadi aka hana su yi masa magana, sai su karɓi tabar su nuna masa kusoshi da haɓa. Kamfani ya ƙaru, aka ɗauki mutum uku, aka koma wani ofis mai lif a cikin gari. Yaya ya ƙi tashi daga saman shagona. Kullum ƙarfe bakwai da rabi yana zaune a teburin da ke jikin taga da kofin shayinsa, baƙar mota ta zo, sabon maigadi ya buɗe, ta shige gilashi a rufe. Sai ya ce, "Yau ma da sauran fushi." Shekara guda da wata bakwai! Na yi faɗa har na gaji. Na ce masa sabo turken wawa, ya ce ai shi bai ce ba wawa ba ne.

Sai ga wata mata daga Tbilisi, mai kamfanin lemo mai gas, tana neman babban inji, irin wanda masana'anta kan yi shekara ba ta samu ba. Yiran ta zo shago da jerin sunaye biyar ta ajiye gaban kawunta. Ko kallon takardar bai yi ba.

"Xigen."

"Kawu, ba ya cikin jerin."

"To jerin ne bai cika ba. A garin nan babu mai yin na gas kamarsa. Yaran da ke haɗa bakunan ni na koya musu."

Na dire kwano a gabansa har romo ya fantsala. "Mutumin da ya watso maka katifa a titi za ka kai wa wannan? Yaya, kanka ɗaya kuwa?"

"Tambayata aka yi wa ya fi iyawa. In ce wani?"

Gaskiya ya faɗa, na sani, Yiran ma ta bincika ta tarar haka ne. Amma ni na san ba ita kaɗai ce a ransa ba. Da na hau sama da safen ranar da za su je, na tarar ya naɗe katifa ya ɗaure da igiya, ya wanke buta ya kife a kai. Na sauko na ja ƙofar shago na kulle, na ce ni ma za ni. Na tanadi maganganun da zan gaya wa Xigen tun bara, na jera su tsaf.

Muna tsallaka titi na ga abin da ban taɓa gani ba. Xigen da kansa a bakin ƙofa, cikin kwat, manyan ma'aikatansa a jere a bayansa. Ya gaisa da baƙuwar, ya gaisa da Yiran, sannan ya zo gaban Yaya ya kama hannunsa da hannu biyu ya rusuna.

"Manaja Miao, sannunku da zuwa. Kun sha hanya. Bismillah, ku shigo."

Yaya ya waiga bayansa ya ga ko akwai wani Miao. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai mai ƙaton ciki, cikin ya ƙaru."

Xigen ya yi murmushi irin na ofis. "Manaja Miao akwai barkwanci. Ku kula da matakalar, an wanke ta."

Aka zagaya da mu. Yaya ya tsaya gaban wani inji da ake gwadawa ya karkata kunne, ya ce baki na ashirin da ɗaya yana shan iska. Xigen ya juya ga yaransa ya ce, "Kun ji abin da Manaja ya faɗa? Ku rubuta." Suka rubuta. Yaran da Yaya ya koya wa riƙon sifana, waɗanda a da suke sace masa shayi, suka tsaya hannu a baya suna ce masa ranka ya daɗe.

A wajen cin abinci aka zaunar da shi a kujerar da ke kallon ƙofa, ta babban baƙo. Da aka kawo kifi aka juya kan zuwa gare shi. Xigen ya tashi ya zagayo ya zuba masa shayi, ya riƙe nasa kofin ƙasa da na Yaya da za su haɗa, alamar girmamawa. Yaya ya saukar da nasa, Xigen ya ƙara saukarwa, Yaya ya ƙara, har suka kusa kai wa ƙasan tebur, baƙuwar tana ta dariya tana ɗaukar hoto, ta ɗauka wasa ne. Ni duk maganganun da na jera suka bi ruwa. Ta yaya za ka zagi mutumin da ke cika wa ɗan'uwanka kwano?

Da aka lafa, Yaya ya matsa kusa da shi ya yi ƙasa da murya, amma ina ji.

"Xigen, tagar ɗakin nan, wadda ke yoyo. An gyara kuwa? Don in damina ta shigo..."

"Kai, Manaja, har da wannan kuke tunawa? Kada ku damu kanku da ƙananan abubuwa. Ku ci kifi, ku ci kifi."

Baƙuwar ta yarda da inji, aka sa ranar gwaji. Xigen ya rako mu har bakin titi, ya ce direba ya kawo mota, Yiran ta ce ai tsallake ne kawai. Ya karɓi wani jan akwatin ganyen shayi daga hannun sakatariyarsa, irin wanda ake ba baƙi, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu.

"Mun gode ƙwarai da kuka tuna da mu. Duk lokacin da za ku zo, ku sa a kira sakatariya tun da wuri, don mu shirya muku."

Ya tsaya a nan yana ɗaga hannu, kamar yadda ake yi har baƙo ya ɓace, alhali taku ashirin ne tsakaninmu da shago. Yiran ta tafi da baƙuwar wajen tasi. Ni na tsallaka ina laluben makulli, idona ya cika, ina jin haushin kaina. Da na waiga sai na ga Yaya a tsaye a tsakiyar titi, rungume da jan akwati, yana kallon can yana kallon nan.

"Fengying," ya ce, "wannan mun shirya ke nan, ko kuwa?"

Na ce, "Yaya, tsallako, ga mota nan tafe."